Kuɗin Wanda Bai Mutu Ba Tukuna

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma wannan karon Kawu aka kira. Ya cika a asibiti a nan Greensboro ta ƙasar Amurka cikin watannin sanyi, aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar da shi kansa ya sha raka wasu. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya tarye ni a tashar bas ta cikin gari ranar da na fara sa ƙafa a garin nan, shi ne kuma waliyyina da aka ɗaura mini aure.

Gidansa ɗaki ne da falo a East Greensboro, amma ranar zaman makoki sai da mutane suka zauna har kan matakala. Alhaji mai shagon kayan Afirka ya aiko da rabin rago da buhun shinkafa, ya zauna a kujerar Kawu yana sharar hawaye yana cewa, "An yi rashin mutum, amana ta tafi." Samarin da ke tuƙin tasi suka shigo da katan-katan na lemo. Mata kuwa kowace da kularta. Waɗanda suka yi masa wanka suna ta faɗa wa juna ba su san ya rame haka ba, ashe babbar riga ce take rufe shi.

Maƙwabciyarsa, wata Kirista 'yar Jos da muke kira Anti, ita ta shiga kicin neman inda za a jera abincin. Ta buɗe firij, ta buɗe kabad, sai ta tsaya. Ba komai ciki sai ganyen shayi da gishiri da 'yar taliyar leda. Ta juyo ta dubi tukwanen da suka cika ƙasa, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yau dai abinci ya gane hanyar gidan nan."

Maganar nan ce ta hana ni sukuni har na ɗauki biro.

Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron bakina. Ina tsoron in faɗi abin da zai zama gulma, ko in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba in je in tarar da shi gobe kiyama. Saboda haka ba zan kira sunan kowa ba. Ban kuma ce wani ya kashe Kawu ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma yadda ya rayu a ƙarshen rayuwarsa akwai hannun mutane a ciki, kuma na ga an fara mantawa tun ba a wanke tukwanen makoki ba.

Kawu mutumin ƙasar Maraɗi ne. Ya daɗe a nan, tun Hausawan garin ba su cika sahu ɗaya a masallaci. A masaƙa ya yi aiki har aka rufe ta. Ƙarar inji ta cinye masa kunnen hagu, shi ya sa yake magana kamar mai kiran wani daga ƙarshen gona. Ba ya kiran yaro da sunansa, kowa "kai mai kunnen ƙashi" ne, yana faɗa yana cusa masa minti a hannu. In ka gaishe shi ka ce ina gajiya, sai ya ce, "Gajiya ta masu wurin kwanciya da rana ce." In kuwa ya ga an zubar da ragowar tuwo a shara, ranar gidan ba zaman lafiya.

Shi ne mai yi wa mazanmu wankan gawa, farin yadi ba ya yankewa a saman kabad ɗinsa. Tun kafin in zo, an ce wani saurayi ɗan ƙasarmu ya rasu a hatsarin mota, gawarsa ta daɗe a ɗakin sanyi na asibiti ana bin gida-gida ana roƙon kuɗin kabari, domin a nan ko ramin da za a sa mutum sai an saya. Kawu ya ce wannan abin kunya ba zai sake gani da idonsa ba. Sai ya kafa abin da muke kira kuɗin gawa. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa in wata ya kama, wanda Allah ya yi wa rasuwa a binne shi da su, ko ya taɓa bayarwa ko bai taɓa ba. Da yake shi ne mai cikakkun takardun zaman ƙasa a lokacin, kuma shi kowa ya yarda da shi, sai aka zuba kuɗin a banki da sunansa. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Haka muka saba a gida, ajiya a hannun dattijo take zama.

Bayan rufe masaƙar, abin da ke shigo masa ɗan kuɗin tsufa ne, haya kuma ta cinye mafi yawansa. Sai aka ba shi katin abinci na gwamnati, wanda muke kira fustam. Bai taɓa jin kunyarsa ba. Yakan ɗaga shi a shago ya ce, "Harajina ne ya tuna da ni." Yana da ciwon suga, likita ya hana shi farin burodi da taliya, da katin yake sayen kifi da kaza da kabeji da wake. A lokacin kuɗin gawa kaɗan ne, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su. Sai Allah ya kawo mana shekaru masu sauƙi, jama'a suka ƙaru, ba a yi mutuwa ba, kuɗin suka taru.

Da lokacin sabunta katin ya yi, ni na raka shi ofishin da ke cikin gari saboda kunnensa. Ma'aikaciyar baƙar fata ce, dattijuwa mai fara'a, har kujera ta gyara masa. Ba ni da abin da zan faɗa a kanta sai alheri. Ta karɓi takardar banki ta duba, ta ɗago.

"Wannan kuɗin naka ne?"

"A'a," in ji Kawu.

"Na wane ne?"

"Na wanda zai mutu ne."

Ta ajiye biro. "Wa zai mutu?"

"Ban san shi ba tukuna. Shi ma bai sani ba."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Na yi mata bayani da ɗan Turancina, ta gane sarai, har ta ce a cocinsu ma akwai irin wannan tun zamanin kakanninta. Sai ta sake tambaya a hankali, "To in ka ga dama yau, kana iya zuwa ka cire kuɗin kai kaɗai, ko sai wani ya sa hannu tare da kai?"

Daga baya na gane ƙofa take laluba masa. Amma Kawu ji ya yi kamar ana tambaya ko mutane sun yarda da shi. Ya gyara zama, ya ɗaga muryar nan tasa har na teburin gefe suka waiwayo. "Ni kaɗai. Ba mai sa hannu tare da ni. Shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce mini ina sisi."

A wurinmu babu yabon da ya kai wannan. Ni kaina da ya faɗa sai da na ji kaina ya yi girma. A wurinsu kuwa ma'anarsa ita ce kuɗin nasa ne.

Matar ta ce a dokar jihar nan wanda ajiyarsa ta wuce iyaka ba ya samun kati, kuma ta Kawu ta wuce. Sai fa in masu kuɗin za su rubuto kowa ya faɗi nasa. Kawu ya ce ba mai nasa a ciki, abin da aka bayar don gawa ya bar hannun mai shi, sadaka ce. Bai ƙara da cewa da yawa cikin masu bayarwar ba za su yarda sunansu ya hau takardar gwamnati ba, amma ni da shi mun sani.

Da za mu tashi ta rage murya ta faɗa mana abin da har yau yake ci mini rai. Ta ce ba ko'ina ne haka ba. Gwamnatin tarayya ta bar wa kowace jiha zaɓi. Wadda ta ga dama tana iya daina duba ajiyar mutum, ko ta ɗaga iyakar, har iyakar albashi ma tana iya ɗagawa. Wasu jihohin sun yi. Tamu ba ta yi ba.

Na juya maganar nan a raina har na gaji ban ga kanta ba. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, kati iri ɗaya. Wani abokin Kawu da suka yi masaƙa tare ya koma wata jiha ta arewa, yana da ajiyarsa ta zuwa Hajji a banki, yana kuma da katinsa, ba wanda ya tambaye shi. Shin cikin tsohon can daban ne da na tsohon nan? Da an ce mana abincin ne babu, da na haƙura, mu mun san fari, mun san shekarar da rumbu ke wayam. Amma a ce akwai, a ce ga mabuɗi an miƙa wa masu jihar, su sa shi a aljihu su zauna. Kuma me dokar take koya wa talaka? Wanda ya cinye duk abin da ya samu a taimake shi, wanda ya ɗaure ciki ya ajiye don ranar wuya a ce ya wadata. Ni kaina na sha ƙin ƙarin awa a otal ɗin da nake gyaran ɗakuna, ina so ina buƙata, don in albashina ya ɗara iyaka ko da kaɗan katin yarana zai tafi gaba ɗaya. Ran Asabar nakan share wani gida a Irving Park, unguwar masu hali. Mutanen kirki ne, ba na yi musu hassada. Amma in ina goge firij ɗinsu nakan ce a raina, wanda ya zauna ya yanke cewa ajiyar Kawu arziki ce, daga irin wannan kicin ya karya kumallo ya fita.

A bas muna komawa ina ta kuka, Kawu kuwa sai ya ce, "Share hawayenki, ɗiyata. Yau gwamnati ta naɗa ni attajiri. Ki riƙa gaishe ni da kyau."

Juma'ar da ta biyo ya miƙe bayan salla ya faɗa wa maza abin da ya faru, maigidana yana wurin. Ya ce ko wani ya karɓi ajiyar, ko a je a yi mana rajista a matsayin ƙungiya a buɗe asusu da sunanta. Alhaji mai shago ya ce shi masu haraji sun riga sun sa masa ido. Wani ya ce aikin dare yake yi. Wasu ba su ce komai ba, su ma katin gare su, ko kuma takardunsu ba su cika ba, waɗannan ban ga laifinsu ba. Aka watse a kan in sha Allah za a zauna. Kawu ya sake tashi wata Juma'ar, ya sake, har ya ga mutane sun fara neman takalmansu da ya miƙe. Sai ya daina.

Maigidana ya same shi a gida, ina zaune. Ya ce, "Kawu, abin nan mai sauƙi ne. A cire kuɗin a sa a akwati a ƙarƙashin gado, ka koma ka ce babu."

"In ce babu alhali akwai?"

"Ai ba naka ba ne."

"Na ce musu ba nawa ba ne, sun ce nawa ne. Yanzu in koma in rantse ban san su ba? In kuma gobara ta tashi, kai za ka haƙa wa mutane kabari da cokali?"

"To sai ka zauna da yunwa saboda matattu?"

"Matacce ba ya iya tashi ya yi roƙo. Ni ina iyawa, ban dai ga dama ba."

Maigidana ya ce wannan taurin kai ne ba tsoron Allah ba. Kawu ya nuna masa ƙofa. Sun daɗe ba abin da ke haɗa su sai amsa sallama, ni kuma ina tsakiya ina rasa wanda zan ba haƙuri.

'Yarsa tana aikin jinya a wata jiha ta arewacin ƙasar. Ta bugo waya ina kusa, kuma da yake sai an yi masa ihu yake ji, komai na ji. "Baba, ka tattara ka taho. Nan ba sa tambayar ajiyar banki."

"In taho in bar wa wa wankan? Mai shagon nan da in ya ga makara sai ya tuna yana da baƙi?"

"Baba, ba wanke gawa ya kawo ka Amurka ba."

"Ba kuma bin tukunya jiha-jiha ya kawo ni ba. Ina jikokina, sun iya gaisuwa ko har yanzu hai ɗin Turawa suke cewa?"

Takan aiko masa da abin da ta iya, ita ma da nata nauyin. Duk sanda ta tambaya sai ya ce komai ya wadata.

Ni nakan kai masa tuwo da miyar kuka. Kawu ɗan da ne, a wurinsa kwano ba ya komawa gidansu wayam. Lokacin da yake da kati, kwanona kan dawo da lemo ko kifi ko ƙwai. Bayan an yanke katin, sai ya riƙa dawowa da albasa ɗaya. Daga baya minti. Ran nan ya miƙo mini shi a wanke, ya kawar da kai, ya ce, "Ki huta da kawo tuwon nan, ɗiyata, likita ya hana ni." Na ce ba na son komai a ciki. Ya ce, "Ke ba kya so, ni ina so." Na ci gaba da kaiwa a leda don kada a yi maganar kwano. Yakan karɓa, amma sau da yawa sai in ji samarin tasi suna yaba miyata.

Anti ce ta fi ni dabara. Cocinsu na raba kayan abinci, takan ɗauko masa kwali. Ranar farko ya ɗaga gwangwani yana juyawa. "Ba alade a ciki?"

"Baba, wake ne. Ko waken ma ya tuba ya shiga coci?"

"Wa ya sani, ku da ba abin da ba ku tsoma a ruwa."

Ta ce ba kyauta ba ce, ladan gyara ne, famfonta yana ɗiga. Ya je ya gyara. Wani makon ƙofar kabad ce, wani makon ƙafar kujera. Ban taɓa ganin gidan da kaya ke lalacewa kamar na Anti a shekarun nan ba. Allah ya saka mata. Sai dai abin da ke cikin kwalin yawanci taliya ne da farin burodi da kayan zaƙi, wato duk abin da aka hana shi. Yana ci don ba zaɓi. Idonsa ya fara dishi-dishi, wani ƙurji ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa.

Cikin wannan hali aka yi mana rashi biyu, wata mata da wani jariri. Ba a buga ƙofar kowa ba, ba a yi roƙo ba, aka binne su cikin mutunci. Na yi zaton yanzu kuɗin za su sauko ƙasa da iyakar ya koma ya nemi katinsa. Ina wannan tunanin ina istigfari, don kamar ina murna da mutuwa ne. Amma ba su sauko ba. Wata na kamawa mutane ke kawo nasu, shi kuma ya karɓa ya yi godiya, ya ɗingisa zuwa tashar bas, ya kai banki. Da ƙafarsa yake kai abin da ke hana shi abinci. Na ce ya dakatar da karɓa na ɗan lokaci. Ya ce, "Ki je ki ce wa Mala'ikan mutuwa ya dakata, in ya yarda ni ma na yarda."

Da ya ji jikin ya ƙi, kafin a kwantar da shi, ya sa aka ƙara sunan 'yarsa a asusun don kada banki ya rufe kuɗin jama'a in ya cika. Daga ciki aka saya masa kabari.

Bayan sadakar bakwai 'yar ta tara maza a falon ta ce, "Ni zan koma bakin aikina. Ku sauke mini wannan kaya daga wuya."

Alhaji mai shago ya yi gyaran murya. "Sai a nemi wani dattijo mai amana kamar marigayi." Ido duk ya koma kan Malam, tsohon da ke koya wa yaranmu karatun allo ran Lahadi, wanda ke zaune shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Na san yana da kati, mun sha haɗuwa a layin biya kowa ya yi kamar bai ga na ɗan'uwansa ba. Malam ya yi murmushin kunya, ya shafa gemu. Wa zai ce a'a an kira shi mai amana a gaban jama'a? Ya fara cewa, "To, in jama'a sun ga na dace..."

Ina bakin ƙofar kicin riƙe da faranti. Ban taɓa sa baki a taron maza ba. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Kafin a ba Malam, a faɗa mana gidan wa zai riƙa cin abinci."

Alhaji ya ce, "Wace irin magana ce wannan a gidan makoki?"

Na dubi maigidana, na ɗauka zai ce in koma ciki. Kansa na ƙasa. Can ya ce, "Maganar da marigayi ya yi ta yi mana ce muna neman takalma. Ni zan sa hannu a rajistar. Alhaji, kai ne na biyu, takardunka sun fi na kowa cika." Wani direban tasi ya ce shi ne na uku. Alhaji ya buɗe baki, ya dubi mutane, ya ga duk shi suke kallo, ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Da Malam zai fita ya tsaya daidai inda nake, bai dube ni ba, ya ce, "Allah ya rufa miki asiri."

Kafin wata Juma'a ta zagayo an gama komai, asusun ya koma sunan ƙungiya. Abin da Kawu ya yi ta roƙo yana tsaye a kan ƙafa mai ciwo bai ci musu mako ba. Dokar jihar kuwa tana nan yadda take, ban kuma san tsoho nawa take zaune a kansu yanzu haka ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ciyar da shi a inda ba a tambayar mutum ajiyarsa kafin a zuba masa. Masu mabuɗi a aljihu, Allah ya tuna musu za a tambaye su. Mu kuma da muka ci shinkafa a falonsa, Allah ya yafe mana, in Kawu ya yafe.